Shagon taya mai kwamfutar alaimen a titin Zariya, abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai

Masu yawan tambayata inda nake sayen taya da inda ake saita min ƙafar mota, ga amsar yau gaba ɗaya don na huta da maimaitawa. Shagon yana kan titin Zariya a Kano, ba zan kama sunansa ba tunda ba talla suka ba ni ba kuma akwai inda zan caccake su, amma duk mai bin hanyar ya san irinsu, manyan shagunan nan ne masu injin ɗaga mota da kwamfuta da na'urar cire taya daga rim ba tare da an sa guduma da liba ana dukan rim kamar an yi faɗa da shi ba. Motata tsohuwar Corolla ce, taya 195/65 R15, kuma hanyar Kano zuwa Kaduna ita ce gidana na biyu, to kun ga maganar taya a wurina maganar aljihu ce.

Bari na fara da hukunci kafin bayani. Tayar da suke sayarwa za ka same ta a wani wurin, wataƙila ma da ɗan rangwame in ka iya ciniki a Ƙofar Ruwa. Abin da ke mayar da ni wurinsu shi ne aikin alaimen, wato saita ƙafar mota, da yadda suke gwada iska, wannan kam sun fi duk inda na taɓa zuwa a garin nan, kuma shi ne abin da ke sa taya ta daɗe ko ta mutu da ƙuruciyarta.

Da yawanmu mun ɗauka nisan tafiya ne ke cin taya. Masu binciken roba sun daɗe da gano cewa tayar da ke birgima a miƙe salin alin kaɗan take ci, abin da ke gurje ta shi ne zamewa, wato duk lokacin da robar ta ɗan goga a kan kwalta maimakon ta taka ta ɗaga, kamar a wajen birki, ko fizgar mota, ko shan kwana. Akwai wani masani Adolf Schallamach, Bajamushe ne da ya koma Ingila ya yi aiki a cibiyar binciken roba ta can, shekaru masu yawa ya kwashe a kan wannan tambayar, yaya roba ke zamewa kuma yaya take cinyewa. A 1960 shi da abokin aikinsa Turner suka fitar da lissafin cinyewar tayar da ke tafiya a ɗan karkace, kuma abin da ya fito shi ne cin ba ya tafiya daidai da karkacewar, ninkuwa yake yi, in ka ninka karkacewar sau biyu to cin sai ya kusan ninka sau huɗu. Wannan jimlar kaɗai ta isa ta bayyana dalilin da ya sa mutum biyu za su sayi taya iri ɗaya rana ɗaya, ɗaya ya shekara biyu da ita ɗayan kuma kafin Sallah ta zagayo waya ta fito.

Yi lissafin da kanka ma. In ƙafar gaba ta karkace da rabin digiri kawai, abin da ido ba zai taɓa gani ba, to a kowace kilomita ɗaya kamar ana jan tayar nan a kaikaice ne kusan mita 9. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, kenan tafiya ɗaya ka ja ta a gicciye kusan kilomita 2 a kan kwalta mai zafi, ka dawo ka ƙara wasu biyun. Sannan ka zo kana zagin kamfanin taya.

To shi ya sa ranar da na fara kai musu motar abin da yaron shagon ya yi ya kwanta min. Kafin ya taɓa kwamfuta sai ya tsuguna ya shafa tafin hannunsa a kan tayar gaba daga ciki zuwa waje, ya sake shafawa daga waje zuwa ciki, ya ce "Oga kawo hannunka ka ji." Ta ɓangare ɗaya sumul, ta ɗayan kuma gefen kowane zane yana kartar hannu kamar an fiƙe shi. Ya ce wannan ba laifin taya ba ne, ƙafa ce ta buɗe. Ya ɗaga motar ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama sai ga ta tana ƙwas ƙwas, ya ce tairod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, ya tafi, kuma ba zai ɗora min na'ura ba sai na canza shi, don in ya saita yanzu kafin na kai Kwanar Dangora saitin ya gudu, kuɗina ya tafi a banza. Wallahi a wani wurin karɓar kuɗin za su yi su ɗaura igiya su ɗan murɗa su ce an gama Alhaji. Na je bakanike ya canza na dawo, ya maƙala wa kowace ƙafa faifanta, allon ya nuna ja, ya shiga ƙarƙashi yana murɗawa ina kallon lambobin suna sauka har suka koma kore, ya buga min takarda mai nuna yadda ƙafar take kafin aiki da bayan aiki. Takardar nan ku riƙa karɓa, ita ce shaidarku.

Wannan kartar da yaron ya sa na ji da hannu, shi Schallamach ya yi nazarinta tun shekarun 1950. Ya nuna cewa in ana gurzar roba ta fuska ɗaya kullum, sai wasu ƙananan kunyoyi su fito a jikinta a gicciye da inda ake gurzar, kowace kunya tana da ɗan leɓe da ke lanƙwashewa yana tsagewa a hankali har ya ɓalle, kuma da zarar kunyoyin sun kafu cin yana ƙara sauri. In kuma ana juya fuskar gurzar lokaci lokaci kunyoyin ba sa samun zama, robar sai ta fi daɗewa. Yaron bai taɓa jin sunan mutumin ba na tabbata, amma hannunsa ya san abin. Daga baya a 1971 mutumin ya sake fito da wani abin mamaki, ya ce roba mai laushi a kan abu mai santsi ba ta ma zamewa gaba ɗayanta, ɗan tudu ne ke tashi a jikinta ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, irin yadda in kana so ka matsar da babban kafet ba ka jan shi duka, sai ka tada masa ƙugu a gefe ɗaya ka bi shi da ƙafa har ƙarshe. Har yau sunansa ake kiran wannan tudun da shi a littattafan kimiyya.

Sai maganar iska, inda nan ne nake da ciwo da masu facin bakin titi, Allah Ya ba su haƙuri don suna ceton mu a inda babu kowa. Amma mai faci zai buga maka iska ya ɗauki spana ya ƙwanƙwasa tayar ya saurara ya ce ta yi, ko ya sa gejin da ya faɗi ƙasa sau ba adadi. Wani kuma lambar da ke jikin taya zai duba, ya ga 44 ko 51 ya ce ai ga abin da kamfani ya ce, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motarka ke so ba. Na motarka yana jikin ƙofar direba a wata 'yar takarda, ko cikin murfin tanki a wasu motocin, tawa wajen 32 take so. A shagon nan ƙofar suka buɗe suka duba kafin su buga, kuma gejinsu ya yi daidai da ɗan ƙaramin da nake yawo da shi a mota. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ce ke cinyewa, in ta yi kaɗan kafaɗu biyun ne ke tafiya tsakiya na nan da zanenta.

Akwai kuma abin da direbobin haya ke yi da zafin Maris da Afrilu, su rage iska wai kada taya ta fashe. Wannan fa juya magana ne. Roba tana da wata ɗabi'a, in ka matse ta ka saki ba ta mayar maka da duk ƙarfin da ka sa mata, wani kaso yana zama zafi a cikinta. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa sosai a kowane juyi, tana dafa kanta da kanta daga ciki har robar ta rabu da wayoyin, ga lodi ga gudu, sai ka ji ɗau. Iskar da ta ƙaru don taya ta yi zafi a hanya kamfani ya riga ya yi lissafinta, ba a sace ta. Da safe kafin mota ta yi tafiya ake gwadawa. Mai shagon da kansa na ji yana faɗa wa wani direban Sharon haka, direban yana cewa ai Alhaji mu muke kan hanya mu muka sani, shi kuma ya ce to Allah Ya tsare, ya ƙyale shi.

Wannan ɗabi'ar ta mayar da ƙarfi zafi ita ce kuma ke sa taya ta riƙe titi, abin haushin kenan. K. A. Grosch, wanda ya yi aiki a cibiya ɗaya da Schallamach, ya nuna a 1963 cewa riƙon roba kashi biyu ne, akwai mannewa da take yi da saman abu, akwai kuma yadda take nutsewa cikin ƙananan tsakuwoyin kwalta tana shanye ƙarfi, kuma dukansu suna canzawa da gudu da kuma zafi. Robar da ta fi riƙe jiƙaƙƙen titi galibi ta fi shan mai ko saurin cinyewa, wadda ta fi tauri da daɗewa kuma sai ta riƙa santsi da damina. Injiniyoyin taya abu uku suke ta kokawa da su, riƙo da daɗewa da shan mai, ka ja ɗaya sauran su gudu. Baƙin garin kabon da aka fara zubawa a roba farkon ƙarni na 20 shi ya ninka rayuwar taya kuma shi ya sa take baƙa, sai a 1992 Michelin ta fito da taya mai silika wadda ta ɗan sassauta rikicin. Saboda haka duk mai shagon da ya ce maka tayarsa ta fi kowacce riƙo ta fi kowacce daɗewa kuma ita ce mafi araha, ka riƙe aljihunka. Su dai a nan ba su yi min wannan ƙaryar ba, mai shagon cewa ya yi "Malam kowacce da kuɗinta, ka faɗa min hanyar da kake bi in faɗa maka wadda za ka ɗauka."

Kayan da ke shagon kala uku ne, manyan sunaye irin Michelin da Bridgestone da Dunlop, sai na tsakiya, sai 'yan China masu sunaye barkatai. Duka daga waje suke, tunda masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007 ta Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta a 2008, ƙasar da ke da itatuwan roba a kudu har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin amma tayar mota sai an shigo da ita, shi ya sa dala na motsi farashin ke tashi. Ni ta tsakiya na ɗauka. Abin da na yaba shi ne sun bar ni na juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya na karanta jikinsu ba wanda ya ɗaure fuska. Lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT su ne ranar haihuwar taya, in ka ga 3523 to sati na 35 ne na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take cewa, kamfanonin taya kuma sukan ba da fiye da haka in an adana ta da kyau, amma kai da za ka haɗu da 'yan Rod Sefti a hanya ka san wadda za ka bi. 91H ɗin da ke bayan lambar girman kuma yana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615 kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa.

Akwai wasu rubutu uku da mutane ba sa kula da su, na cinyewa da na riƙo da na jure zafi, tsarin gwamnatin Amurka ne. Lambar cinyewar, irin 300 ko 400 ɗin nan, ana samo ta ne a wata hanya da ke kusa da garin San Angelo a jihar Texas, inda ake zagaye da motoci har mil 7,200 ana auna zanen tayar ana kwatanta shi da na wata tayar gwaji. A ƙa'ida mai 400 ta ninka mai 200 daɗewa a wannan hanyar, amma kamfani ne ke sa wa tayarsa lambar, saboda haka ta fi amfani in kana kwatanta taya biyu na kamfani ɗaya, kuma hanyar Texas ba ta san ramukan bayan Zariya ba. Ni wanda na fi dubawa shi ne na zafi, A ko B ko C, a ƙasarmu in da hali kada ka sauka daga A.

Ba sa sayar da 'yar Beljiyam, wannan ma maki ne. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba, amma a duba da kyau don da yawan waɗanda ake shigowa da su tayoyin hunturu ne, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki da 'yan tsage tsage sirara a zanen. An haɗa robarsu ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba, ka ɗora ta a kwaltar Kano da azahar sai ta yi laushi ta narke maka a 'yan watanni duk da zanen ya yi kyau ranar saye. Wasu kuma an sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi don su yi kamar sababbi. Zane in ya sauka zuwa milimita 1.6 ya ƙare, akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna haka.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Na farko tayoyin talla da suke jerawa a waje cikin rana tun safe har magariba, wasu har gefensu ya fara yin ja ja. Rana da iskar ozon suna tsattsaga roba, shi ya sa kamfani ke zuba mata wani sinadari mai suna 6PPD da ke fitowa sama a hankali yana kare ta, launin ƙasa ƙasan nan da kake gani shi ne. Sinadarin nan ma yana da nasa labarin, a 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano cewa abin da yake rikiɗewa ya zama ne ke kashe wani kifin salmon in ruwan sama ya wanke garin taya daga titi zuwa rafi, kuma yanzu Tarayyar Turai ta sa gurjewar taya cikin dokarta ta Euro 7. Mu nan ko tunanin inda garin tayarmu ke zuwa ba mu fara ba. Ni dai na ce a ɗauko min daga cikin sito, yaron ya ɗan yi tsaki ƙasa ƙasa amma ya ɗauko.

Na biyu ɗaurin noti. Bayan duk wannan kwamfuta da takarda sai ka ga an ɗauko bindigar iska an ɗaure notin ƙafa tatatata har sai ta gaji, babu spanar awo. Ranar da taya ta sace maka a daji kai da ɗan wil spanarka sai ka hau kansa da ƙafa biyu kana tsalle. Na yi magana suka sassauta suka sake ɗaurewa da hannu, amma bai kamata sai kwastoma ya roƙa ba.

Na uku naitirojin da suke ta tallatawa da ƙarin kuɗi. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma wanda ya sa sai ya daina duba iskarsa wai ai ba ta fita, ƙusa kuwa ba ruwanta. Ban saya ba. Sai jira, in wuta ta ɗauke kafin a tada janareta a sake kunna kwamfuta ka yi hamma ka gaji, benci ɗaya ne tal a inuwa, ranar Asabar kuwa layi har bakin titi, kuma in babban mutum ya zo da jif sai ka ga layin ya lanƙwashe ta inda ba ka zata ba.

Balansin ɗinsu lafiya lau, rawar da sitiyari ke yi min in na haura 100 ta ɗauke. Sun canza bawul ba tare da na ce ba, sun kula da kibiyar da ke jikin taya mai fuska ɗaya, kuma da wani ya sayi biyu kacal na ji sun ce a baya za a sa sababbin, ya yi ta musu wai gaba ce ke ja, alhali shawarar kamfanonin taya kenan, don in baya ta kwace a ruwa sitiyari ba ya ceto. Tun da aka saita ƙafar nake shafa tayoyin gaba lokaci lokaci, har yanzu sumul ta kowane ɓangare kuma ciki da waje suna sauka tare.

In maki ne zan ba su bakwai cikin goma. Mai Keke Napep ko babur ba wurinsa ba ne, mai tirela ma haka, ƙananan motoci da bas suke yi. Ka je ranar aiki da sassafe kafin tara, ka tafi da gejinka, ka ce daga sito kake so, ka tsaya a kansu wajen ɗaure noti, kuma ka sa su sauke safaya su buga mata iska don su ba sa tunawa da ita sai ka faɗa.